Ranar raba aji ake yanke hukuncin

Ƙannena da za ku shiga SS1, da yawanku kun ɗauka sai ranar cike fom ɗin JAMB za ku zaɓi abin da za ku zama. Ba haka ba ne. Ranar da malami ya shigo ya ce masu kimiyya su tashi su koma wancan aji, ranar ake yanke hukuncin, kuna 'yan shekara sha huɗu ko sha biyar.

Ni a nan na yi wauta. Lissafi ya fi komai zauna mini, kuma tun ina ƙarama idan fanka ko rediyo suka lalace a gidanmu na Tudun Wada, ni ke kwance su. Amma da lokaci ya yi, Gwaggo ta ce: "Ke mace me ya haɗa ki da waya da ƙarfe? Ki yi abin da miji zai bar ki ki yi." Ƙawayena ma duk sun bar ajin kimiyya, sai na bi su ba tare da na tambayi kowa ba. Na ce in na gama sakandare na gyara. Ashe babu gyara cikin sauƙi: duk mai son injiniyanci sai ya zauna wa JAMB da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan ya ci su a WAEC ko NECO. Darasin da ba ki zauna ajinsa ba shekara uku, ta ina za ki fara?

Ban ga laifin Gwaggo ba, abin da ta tashi ta gani ta faɗa. Laifina ne da ban ɗaga kai na dubi garin da nake ciki ba. A Zariyar nan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) take tun 1962, da tsangayar injiniyanci a Samaru. A nan kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, kuma a cikinta Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, mace ta farko a Najeriya da ta zama ƙwararriyar matuƙiyar jirgin sama, daga baya har ta shugabanci kwalejin. Kuɗin mota kawai ya raba ni da waɗannan wurare.

Ku ma samari abin bai bar ku ba. Yaro zai so aikin jinya, abokai su ce aikin mata ne, ya fasa. Alhali ku leƙa ɗakin maza a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ku tambayi dattijon da ke kwance wa ya fi so ya juya shi ya gyara masa jiki.

Kafin ranar raba aji, ku nemi littafin JAMB da ke nuna darussan da kowane kwas yake buƙata, ku karanta da kanku. Ku nemo wadda take yin aikin da kuke so, ku roƙe ta ta zo gida ta gaida Baba, ta yi masa bayanin karatun da yadda take haɗa shi da aure. Iyaye sun fi sakin jiki idan sun ga mutum a zaune gabansu.