Ɗan aiken Kawu da kwatancen da na yi masa

Kawuna dillalin albasa da tumatir ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ni kuma ina zaune a Agege, sana'ata rubuta manhaja. Tun asuba wayarsa ke ruri: masu gidajen abinci daga Ketu da Ikeja na tambayar nawa kwando yau, motar Aliero ta iso ko tana hanya. Ganin haka na haɗa masa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira da zai riƙa amsa saƙonni a WhatsApp.

Irin wannan ɗan aike bai san komai game da rumfar Kawu ba, sai ka ba shi kayan aiki, wato ƙananan manhajojin da zai riƙa kira: na duba farashi, na duba abin da ya rage a sito, na tura wa mai saye takardar biyan kuɗi. Na bi tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa irin wannan ɗan aike da kayan aikinsa, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024. A tsarin, kowane kayan aiki yana da suna, da bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike masa, a rubuce da JSON Schema, wato salon rubutun da ke fayyace abin da kowane gurbi zai ɗauka. Iyakar abin da ɗan aiken ke gani ke nan, cikin manhajar kuwa bai taɓa leƙawa ba. Ni kuwa cikin na ɓata wa makonni, bayanin na rubuta shi a tsaye: "Yana duba kaya." "Yana duba farashin kaya." "Adadi."

Wannan "adadi" ɗin shi ya ja mini. Kamfanin da muke karɓar kuɗi ta hanyarsa da kwabo yake lissafi, ni kuma ban faɗa ba. Wata mata ta yi cinikin naira 45,000, ɗan aiken ya rubuta 45000 a gurbin, takarda ta fita da naira 450. Ta biya nan take. Kawu ya kira ni, ina jin hayaniyar 'yan dako a bayansa.

"Kai yaro, aljanin nan naka sadaka yake yi da kayana?"

"Kawu, a yi haƙuri, yanzu zan duba."

Da farko na ɗora wa na'urar laifi. Sai da na karanta yadda hirar ta gudana layi-layi na ga abin da aka ce wa na'urar ta yi, shi ta yi.

Gwajin farko ba da kwamfuta na yi shi ba. Na kwafe bayanan a takarda na miƙa wa ƙanwata, wadda ba ta san harkar gwari ba, na ce ta ɗauka ita ce sabuwar yarinyar shago. Ba ta kai ƙarshen shafi ba ta ɗago kai. "Yaya, adadin me, kuɗi ko buhu? In an ce akwai albasa, na duba kaya zan ɗauka ko na farashi?" Duk inda ta yi tambaya na ja layi. Takardar ta cika da layuka.

Na biyu ya fi cin rai. Da izinin Kawu na tsinto saƙonni 60 daga wayarsa, na goge sunaye da lambobi. Da Hausa, da Turancin buroka, da Yarbanci, wasu a gauraye. Gaban kowanne na rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a cike. Abu uku nake dubawa: ya zaɓi daidai, ya cike daidai, sannan ya san lokacin da ba a bukatar kiran komai. Na ukun nan mutane ke mantawa. "Alhaji ya kasuwa?" gaisuwa ce, amma nawa sai ya zazzago wa mutum farashi. Kowane saƙo sau uku nake maimaitawa, don amsar kan canza ko ba ka taɓa komai ba, kuma na ware 15 ban duba su sai a ƙarshe, kada in yi ta gyara don cin jarrabawar da ni na shirya.

Na kuma yi wautar wuce gona da iri. Na cika bayanin takardar biyan kuɗi da gargaɗi da manyan baƙaƙe, sai ɗan aiken ya koma matsoraci, ko an gama ciniki sai ya sake tambaya sau biyu. Ga shi kuma bayanan nan ana tura su tare da kowace bukata, tsawonsu kuɗi ne. Na dawo da shi jimla huɗu: me yake yi, yaushe ake kiransa, yaushe ba a kiransa, me yake dawowa da shi.

Gyaran da ya fi amfani ma ba a bayanin yake ba. Na sauya sunan gurbin zuwa adadi_a_naira, na bar manhajar ta ninka da 100 da kanta. Ma'auni kuma na ƙayyade shi: kwando, buhu ko rabin buhu. Kayan aikin duba kaya da na duba farashi na haɗe su wuri ɗaya, tunda ni kaina na kasa rubuta bambancinsu a jimla guda.

Na so in ƙara kayan aikin rubuta bashi, har na fara tsara bayaninsa. Kawu ya ce in bari. Wanda ake ba bashi a Mile 12, in ji shi, sai an ga idonsa.