Asabar, a inuwar gidan zoo

Tun ranar Sallah Ummi take yi mini nacin gidan zoo, ni kuwa na ce ba zan shiga turmutsutsun yaran Sallah ba, a bari gari ya lafa. Yau dai na cika alkawari. Abin da ban zata ba, Baba ya ce zai bi mu. Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa ko'ina sai masallaci! Na ce, "Baba, za ku iya wannan zagayen kuwa?" Ya ce in dai akwai wurin zama, in bar masa sauran.

Adaidaita sahu muka hau. Cunkoson Zoo Road kamar kullum, daga wajen Ado Bayero Mall har ƙofa tafiyar hawainiya, ga hayaƙi ga ƙarar ham.

Yara sun sha kallo. Abba ya maƙale a kejin birai, da ƙyar na ɓamɓaro shi. Ummi kuwa jimina ce ta tafi da hankalinta, ta durƙusa tana leƙen ƙafarta, ta dawo da gudu tana cewa yatsu biyu ne kacal. Zaki yana barci. Kura tana ta kai da kawowa.

Da na dawo na tarar da Baba a gindin wata babbar bishiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na zauna kusa da shi. Iska mai sanyi, sai ka rantse ba a tsakiyar Kano kake ba.

Ya ce, "Ke kin san lokacin da aka buɗe wurin nan, nan bayan gari ne?"

Ya ce a kan keke suka zo shi da abokansa, suna samari, a farkon shekarun 1970. Da ka bar ganuwa ta Ƙofar Ɗan'agundi sai gonaki. Yawancinsu ba su taɓa ganin zaki ba sai a tatsuniya. Audu Bako ne ya gina gidan zoo ɗin, kwamishinan 'yan sandan da Gowon ya ba gwamnan sabuwar Jihar Kano a 1967, ya riƙe ta har 1975. Shi ne dai mai madatsar ruwan Tiga da ta Bagauda. Baba ya ce mutum ne mai son noma da dabbobi, shi ya sa ya yanki fili mai faɗi haka, ya sa sunansa ya zauna a wurin har yau. Titin ma daga gidan ya samo suna. Gidan ya riga shaguna da ofisoshin 'yan fim da duk benayen nan zuwa, su ne suka same shi.

Ni kuma sai na ɗauko maganar da na saba yi. Na tuna masa zakin da ya fita daga kejinsa a 2019, yadda mutanen unguwannin kewaye suka kwana da fargaba kafin a mayar da shi. Na ce ai gwamnatin Ganduje da ta ce a 2020 za ta mayar da gidan zoo ɗin zuwa Tiga tana da hujja, gari ya riga ya kewaye dabbobin, hayaniya ta yi musu yawa. Har zuciyata haka na ɗauka.

Baba ya yi shiru, ya ɗaga kai yana kallon rassa. Can ya ce, "To itatuwan fa? Su ma Tiga za a kai su?"

Ban ba shi amsa ba. Ya ci gaba a hankali, ya ce mai mota zai kai 'ya'yansa Tiga, tafiyar awa guda ba komai ba ce a wurinsa. Amma yaron da yake tara kuɗin barka da Sallah ya tako da ƙafa daga Sheka ko Gandun Albasa, shi ina zai ga kada? Ya dafa jikin bishiyar ya ce wata ƙila da ya fara zuwa ba ta kai shi tsawo ba.

Mun dawo bayan la'asar. Taliya da manja. Yara suka ɓingire tun kafin isha.

Ni ce na kasa barci. Har yanzu ina tausayin kurar nan da ke zagaye cikin ƙarar gari, ban janye wannan ba. Amma na ƙirga filayen da na sani ina yarinya waɗanda yanzu shaguna ne, yatsun hannuna ba su isa ba. Ban taɓa sa gidan zoo a cikin wannan lissafin ba sai yau, kuma gabana ya faɗi.

Ɗazu na je kai wa Baba maganinsa, na ga ya ninke tikitin shigarsa ya sa a cikin littafin addu'o'insa. Ya ce in sanyi ya shigo mu koma, yana so ya kai har wajen kadoji, yau ƙafar ba ta bar shi ba.