Ranar da muka kife ƙwarya a kan sararin Jos

Aron rumfar kallon taurari muka yi, irin wadda fanka ke hura wa iska ta tashi kamar ƙwarya a kife, muka kafa ta a zauren makarantarmu a nan Jos. Kayan ba su da yawa: kwamfuta, majigi mai gilashin da ke baza hoto ya game rufin duka, sai manhajar Stellarium, wadda kyauta ce. Ba hoton da aka ɗauka take nunawa ba, lissafi take yi. Ka ba ta gari da rana da sa'a, ta jera maka kowane tauraro a mazauninsa.

A nan na fara tuntuɓe. Ban duba garin da aka saita ba, ashe Paris ce. Tauraron arewa ya haye kusan rabin hanya zuwa tsakiyar sama, digiri 49, alhali a Jos bai wuce 10 ba, can ƙasa-ƙasa inda duwatsu kan tare shi. Da na gyara, sama duka ta karkata, yara suka sa ihu. Kuskuren ya koyar da su abin da na shekara ina zanawa a allo bai shiga ba.

Amma inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne gudun lokaci. Na tambaye su Zara da Gamzaki, kowa ya ce taurari biyu ne, ɗaya ta magariba, ɗaya na asuba, haka kakanni suka faɗa. Ban yi musu ba. Na sa alama a kan Zara, na saki kwanaki suna wucewa kamar ƙiftawa. Ta gangara ta shige hasken rana, ta ɓace, sai ga ta a gabas kafin alfijir da alamarta a jiki. Zagayen kwana 584 ne, mun gan shi cikin minti biyu. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe matar wata ce ke sammako!"

Na mayar da mu Gusau, 29 ga Maris 2006, don su ga husufin da ya rufe rana gaba ɗaya. Wata ya ci rabinta ke nan aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, rumfa ta soma saɓulowa a kawunanmu, muka fito da rarrafe. Janareto na nan, ni ne ban sa an tayar da shi tun farko ba.