Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mako Guda a Kan Miligiram Ɗari

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka zana sinadarin da muke fatan ya zama sabon magani a takarda, kowa a taro ya amince a haɗa shi. To yau sai a sa farar riga da tabarau da safar hannu, mu shiga ɗakin gwaji.

Yawancin magungunan da ake haɗiya zobba ne na kabon da aka sarƙa da juna. Hanyar da muka fi bi wajen ɗaure zobe da zobe ita ce haɗin Suzuki, wanda Akira Suzuki na ƙasar Japan ya fito da shi a 1979, ya kuma ci kyautar Nobel a kansa a 2010. Za ka auna zobe na farko mai ɗauke da buromin, kamar miligiram 100. Na biyu, mai ɗauke da boron, ana sa shi ya ɗara na farkon, ninki 1.2 zuwa 1.5 a yawan ƙwayoyin sinadari, ba a nauyi ba, don wani ɓangarensa lalacewa yake yi a hanya. Sai gishirin fotasiyam kabonet ninki 2 ko 3, da ɗan mitsitsin faladiyam, kashi 5 cikin 100. Shi ne dillalin: yana haɗa su aure ya fita, bai zama ango ba bai zama amarya ba. A zuba dayokzen (ruwan narkarwa ne) da ruwa, huɗu da ɗaya, a jefa ɗan maganaɗisun juyawa.

A nan mai gaggawa yake yanke wa kansa. Kafin a kunna wuta dole a busa iskar naitirojin cikin ruwan na minti 10 zuwa 15, a kori oksijin. In ka tsallake wannan, faladiyam zai mutu ya kwanta baƙi ƙirin a gindin kwalba, zoben boron kuma ya auri ɗan'uwansa maimakon wanda ka nufa. Sai a rufe, a bar shi a zafin digiri 90 ya kwana.

Da safe ba a yarda da ido. Ɗigo ɗaya za ka ɗiba ka sa a farantin TLC, wato ɗan faranti mai rarraba abubuwan da ke cikin cakuɗe tabo-tabo, ka tsoma gindinsa a ruwan narkarwa, ka haska fitilar UV mai fito da tabon da ido ba ya gani. In tabon kayan farko ya ɓace, sabo ya bayyana, ka ɗan numfasa. Na'urar LC-MS, mai auna nauyin ƙwayar sinadari, ita ce za ta faɗa maka ko nauyin sabon ya yi daidai da lissafinka. Daga nan wanki: etil asitet da ruwa a mazurari mai famfo, a girgiza, a riƙa sakin iska kada murfi ya yi tsalle, a bi da ruwan gishiri, a tsane da sodiyam salfet, a ƙafar da ruwan a na'ura mai juyawa a digiri 40. Abin da zai rage danƙo ne mai ruwan ƙasa, ko kusa bai yi kama da magani ba.

Tacewa, ita ce ke cin rayuwar mai wannan sana'a, kuma ba a faɗa wa ɗalibi haka tun farko. Ana cika dogon bututun gilashi da garin silika, nauyinsa ya ninka na danƙon sau 30 zuwa 100, gwargwadon kusancin dattin da abin da kake nema. A ɗora danƙon a sama, a riƙa zuba cakuɗen hekzen da etil asitet, ana tarar abin da ya sauko a ƙananan kwalabe, wani lokaci arba'in, wani lokaci fiye. Kowacce sai an duba ta. Kar ka kuskura silikar ta bushe a tsakiyar aiki, tsagewa za ta yi, komai ya gangaro a cakuɗe. In kuwa sinadarin yana da amin, wato wani reshe mai naitirojin, zai maƙale ya riƙa jan jela saboda silika tana da ɗan tsami. Tirai'etil'amin kashi 1 cikin 100 shi ke sakin sa.

In Allah ya taimaka ka tashi da miligiram 40 na farin gari. Za a narkar da 3 ko 4 a saka a na'urar NMR, mai nuna tsarin sinadari ta hanyar layuka a kan ma'auni. Ka ga layuka a 4.12 da 2.05 da 1.26 cikin kulorofom? Etil asitet ne bai gama fita ba, koma ka busar. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsabta ta kai kashi 95 cikin 100 kafin a miƙa wa masu gwajin halitta. Ni a ganina ko ta kai, a sake wanke ragowar faladiyam, domin ƙarfe kan sa gwaji ya nuna ƙarfin ƙarya, a yi wata biyu ana murnar banza.

Sakamakon farko lamba ce da ake kira IC50: yawan sinadarin da zai rage aikin furotin ɗin da ake hari da rabi. Iya ƙanƙantarta iya ƙarfinsa. Amma ƙarfi shi ne mai sauƙi. Za a haɗa shi da ɓurɓushin hanta a digiri 37, a riƙa ɗiba har minti 30 ko 60. In ya ƙare kafin nan, hantar mutum ma za ta cinye shi bai isa inda aka aike shi ba. Sai a nemo gurbin da hantar ke cizo, a dasa fulorin a toshe. Sau da yawa ka toshe nan, ƙarfin ya zube ta can, ko ya ƙi narkewa a ruwa.

Sai kuma zuciya. Akwai wata kafa a ƙwayoyinta, hERG, da fotasiyam ke fita ta cikinta. Magani ya toshe ta, bugun zuciya ya rikice. Abin da ya sami tafenadin ke nan, maganin atishawa da ƙaiƙayi, musamman idan an sha shi tare da ketokonazol mai hana hanta sarrafa shi. An janye shi daga kasuwar Amurka a 1998. Wanda ya gaje shi, feksofenadin, shi ne ainihin abin da hanta ke mayar da tafenadin ɗin, kuma bai damu zuciya ba.

Ranar Litinin za a baje lambobin nan a allo, a zaɓi zobe ɗaya a sauya masa reshe, a sake auna wani miligiram 100. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi sinadarin da ya tsallake zuwa jikin ɓera.