Rairayin da aka hana ni zubawa

Ƙarshen wannan wata zan ajiye aiki a kamfanin gine-ginen da nake, kuma kafin in tafi ina so ƴan'uwana masu zanen gini da magina da masu walda na Maradi su ji abin da filin wasan yara ya koya mini. Kun san yadda ake yi. Sai an gama azuzuwa da makewayi da katanga, sannan a ɗauki ragowar kuɗi a kafa lilo da abin sulu, a shafa musu fenti ja da kore. Ba mai tambayar inda yaron zai faɗi.

Ni daga nan nake fara lissafi, domin yaro kam sai ya faɗi. Wanda ya faɗo daga bisan mita 2 yana isa ƙasa da gudun da ya haura mita 6 a daƙiƙa, wato sama da kilomita 22 a awa. Ba mai iya rage wannan gudu. Abin da ke hannunmu shi ne tazarar da jikinsa zai tsaya a cikinta. Kan daɓen siminti cikin ƴan milimita yake tsayawa, ƙashi ya sha dukan gaba ɗaya. Cikin rairayi mai laushi kuwa yakan nutse ƴan santimita, kuma gwargwadon ƙaruwar tazarar, gwargwadon raguwar ƙarfin dukan. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta EN 1176 ta ce abin hawan da ya wuce santimita 60 sai an shimfiɗa abu mai laushi ƙarƙashinsa, kuma kada inda yaro zai iya faɗowa ya wuce mita 3.

A wata lakwal mai zaman kanta nan cikin gari aka ba mu aikin abin sulu mai tsawon mita 2 daga ƙasa. Na zana rami kewaye da shi, kusan mita 2 ta kowane gefe, a cika da rairayi zurfin santimita 30: 20 na tare faɗuwa, 10 saboda ƙafafun yara na watsar da shi. Rairayi a Maradi ba abin nema ba ne, ga gulbi nan kusa, ƴan amalanke na kawo shi har ƙofa. Maigidana ya dubi zanen ya ja masa jan biro. Na ce, "Alhaji, in yaro ya faɗo kan daɓe daga nan, karaya ce." Ya ce, "Kai yaro, mai lakwal daɓe yake son gani ranar karɓar aiki, ba turɓaya ba. Lissafinka bar shi can jami'a." Na sake yi masa bayani, har na rubuta lambobin a bayan takarda. Aka zuba kankare.

Ba a rufe shekarar karatu ba wata ƴar ajin farko ta zame daga matakalar sama, hannunta ya karye wajen wuyan hannu. Allah ya kiyaye ba kai ta buga ba. Da aka tara mu gaban mai lakwal da mahaifin yarinyar, Alhaji ya nuna ni ya ce, "Zanen yaronmu ne, ku yi masa haƙuri, bai ƙware ba tukuna." Zanen nawa mai jan biro yana kulle cikin durowarsa a lokacin. Kallon da uban nan ya yi mini har yau yana cina, ya fi mini ciwo bisa ga albashin da aka zabtare. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, na yi haƙurin, amma ban yafe ƙaryar ba.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Tsakanin sandunan shinge ya kasance ƙasa da santimita 9 ko sama da 23, don tsakanin nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. Lilo a kai shi gefe, nesa da hanyar da yara ke gudu in an tashi shan iska, a bar fili gaba da baya ninki biyu na tsawonsa. Gangaren abin sulu, in an ɗauki matsakaicinsa, kada ya wuce digiri 40.

Littattafan Turai na cewa a juya abin sulu na ƙarfe ya fuskanci arewa don ya kauce wa rana. Wannan na ƙasarsu ne. Maradi tana kusa da digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ƙarshen Afrilu rana bisa tsakar kai take da azahar, daga nan har Agusta ma ta arewa take bi. Lokacin da zafi ke haura digiri 40 ba inda za ka juya farantin ƙarfe ya tsira, sai dai inuwar bedi ko rumfa. Wannan da kaina na gano shi, ina auna inuwar sanda a farfajiya.

Rairayin ma yana son kulawa. Bayan damina yakan daskare, sai mai gadi ya kaftce shi, a tsince ƙaya da kwalba, a ƙaro wani. Ku sa wannan cikin takardar miƙa aiki. Ku kuma matasan da za ku zauna kan teburin da na bari, duk zanen da aka ja muku biro a kai, ku ɗauki hotonsa da waya kafin ya bar hannunku.