Abin da aikin taskar labaran Navajo ya koya mini

Tun da aka sanar da ni cewa ba za a sabunta kwantiragina ba, abokan karatu da dama daga cikin masu nazarin adabin baka suke tambayata abin da ya haɗa ni da shugaban aikinmu, wasu kuma sun riga sun ji labarin daga bakinsa. Ba zan ambaci sunansa ko na jami'ar ba, domin wanda ya san wurin ya san su. Abin da nake so in rubuta shi ne yadda tsofaffin faya-fayen labaran mutanen Navajo, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda aka ɗora mini nauyin mayar da su cikin kwamfuta da tsara bayanansu, suka zama sanadin barina aiki, da abin da na fahimta game da wannan sana'a tamu a dalilin haka.

Mutanen Navajo, waɗanda suke kiran kansu Diné, ba sa ba da labaran Ma'ii sai da hunturu. Ma'ii dabbar daji ce mai kama da dila, ita ce kuma gwanar wayo da ɓarna a labaransu. Lokacin labarin yana buɗewa ne idan sanyi ya fara daskarar da raɓa, ya rufe da tsawar farko ta ƙarshen sanyi, wato tsakanin sa'ad da macizai da ƙadangaru da gizo-gizo suka shige maɓoyarsu da sa'ad da suka farka. Wannan doka ta shafi yawancin labaran asalin duniya, da wasan zare da yara suke yi da yatsunsu, da wasan ɓoye a cikin takalma wanda ake raba dare ana yi da waƙoƙi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da mun tashi ana hana mu tatsuniya da rana sai an ɗaure Gizo, sai dai abin ya fi haka nauyi a wurin dattawan Diné, domin suna ganin labarin da aka faɗa ba a lokacinsa ba yana iya jawo cuta ga mai faɗa da mai saurare, wasu sassansa kuma suna cikin bukukuwan warkar da marasa lafiya. Ni Musulmi ne, ban yi imani da wannan ba. Amma ba a ɗauke ni aiki don in auna imaninsu ba, kuma wanda aka ba ajiya da sharaɗi ba shi da hurumin soke sharaɗin don kawai bai gamsu da dalilinsa ba.

Kafin a buɗe taskar, an tura ni da abokiyar aikina, wadda Diné ce kuma ita take rubuta abin da ke cikin faya-fayen, mu nemi yardar iyalan mutanen da aka ɗauki muryoyinsu tun a shekarun 1960. A gidan wata dattijuwa, 'yar ɗaya daga cikin masu ba da labarin, ba a taɓa maganar takarda ba sai da abokiyar aikina ta gabatar da kanta da zuriyoyinta huɗu kamar yadda al'adarsu take, ta fara da ta uwa, domin ta ɓangaren uwa suke bin dangantaka. Da aka zo kaina na faɗi garin mahaifiyata da na mahaifina. Daga nan na riƙa ce mata Shimá, ita kuma tana ce mini shiyáázh, kamar uwa da ɗanta. Ta yarda a adana muryar mahaifinta saboda jikoki, duk da nauyin da mutanenta suke ji game da duk abin da ya shafi mamaci, amma ta gindaya sharuɗɗa biyu: labaran hunturu a buɗe su da hunturu kaɗai, waɗanda suka shafi magani kuma kada a buɗe su ga kowa. Na rubuta sharuɗɗan a gabanta, aka karanta mata su da harshenta, sannan ta sa hannu. Sauran iyalan ma kusan abin da suka ce ke nan.

A wannan zirga-zirga ne na gane cewa labaran a kafe suke a cikin ƙasa. Ƙasar Navajo ta yau ta ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, faɗinta ya kai murabba'in mil 27,000, amma iyakar da dattawa suke ambata ita ce ta duwatsu huɗu masu tsarki a wurinsu: Sisnaajiní a gabas, Tsoodził a kudu, Dookʼoʼoosłííd a yamma, Dibé Nitsaa a arewa. Baƙin dutsen da aman wuta ya bari a kusa da garin Grants, a labarinsu daskararren jinin ƙaton dodon da tagwayen jarumai suka kashe ne. Dutsen Shiprock shi ne sheƙar tsuntsayen da suke cin mutane, dogon dutsen da ke tsaye a kwarin Canyon de Chelly kuma gidan Uwar Gizo-gizo ne, wadda ta koya musu saƙa. Ana binne cibiyar jariri a garken tumaki ko kusa da gida don zuciyarsa ta riƙa komawa wurin. Lokacin da sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson suka ƙone gonakinsu, aka tasa ƙeyar dubban mutane a ƙafa a 1864, tafiyar mil 300 ko fiye zuwa sansanin Bosque Redondo, abin da shugabansu Barboncito ya dage a kai bayan shekara huɗu a gaban Janar Sherman na sojojin Amurka shi ne kada a kai su wata ƙasa sai tasu, kuma yarjejeniyar 1 ga Yuni 1868 ta mayar da su wani yanki nata. Duk wannan, a tsarin bayananmu gurbi ɗaya tak aka ware masa, inda ake rubuta sunan garin da aka ɗauki muryar. Na nemi a ƙara gurbin wuraren da labarin ya ambata da na lokacin faɗarsa, shugaban ya ce ɓata lokaci ne.

Rigimar ta taso ne da wa'adin rahoton masu ba da tallafi ya matso, a tsakiyar zafin bazara. Shugaban ya yanke cewa za a buɗe duk abin da ke cikin taskar a intanet rana ɗaya, domin abin da masu kuɗin suke ƙirgawa shi ne yawan sa'o'in da aka buɗe da yawan masu saurare. Hujjarsa ita ce faya-fayen mallakar jami'a ne a doka tun ranar da mai binciken farko ya miƙa su, kuma abin da iyalan suka faɗa shawara ce kawai. Ma'aikacin kwamfutarmu ya tabbatar cewa rufe wasu muryoyi a wasu watanni ƙaramin aiki ne. Na rubuta wa shugaban, na haɗa da takardun da iyalan suka sa wa hannu, na kuma tuna masa da Barre Toelken, masanin adabin baka wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar labaran Ma'ii daga wani dattijon Navajo, amma bayan rasuwar dattijon ya mayar wa iyalinsa faya-fayen a ƙarshen shekarun 1990, saboda fargabar a kunna su ba a lokacinsu ba ko a hannun wanda bai dace ba. Ya amsa mini a ofishinsa cewa abin da Toelken ya yi asara ce ga ilimi, kuma ni ɗan ƙasar waje ne da bai kamata ya koya masa yadda ake hulɗa da mutanen da ya daɗe yana nazari ba. Na ce masa, "Farfesa, ni ne na zauna a gabansu na rubuta alkawarin, ba zan sa hannu a takardar buɗewa ba." Wani ya sa hannu a madadina. A taron ƙaddamarwa, a watan Yuli, labarin Ma'ii aka kunna wa baƙi.

Wata jikar dattijuwar da ke zaune a birni ce ta fara cin karo da muryar kakan mahaifiyarta a wayarta. Da ƙorafin iyalan ya iso, shugaban ya rubuta wa hukumar jami'a cewa ban isar masa da sharuɗɗan a fayyace ba. Na gabatar da wasiƙun da na aika masa, da kwanan watansu, aka karanta, aka yi shiru. An rufe muryoyin cikin gaggawa, aka yaba masa a kan saurin ɗaukar mataki, ni kuma a takardar auna aikina ta ƙarshen shekara aka rubuta cewa ba ni da haɗin kai. Wadda ta fi ni shan wahala ita ce abokiyar aikina, domin ni baƙo ne mai tafiya, ita kuwa za ta ci gaba da haɗuwa da waɗannan iyalai a zauren taron unguwa da wuraren biki, kuma da bakinta aka karanta musu alkawarin.

Akwai hujjarsa guda wadda na ɗauka da muhimmanci, wato cewa rayuwa tana sauyawa, yaran da suke jin harshen suna raguwa, matasa suna biranen Phoenix da Albuquerque, annobar korona ta 2020 kuma ta tafi da dattawa masu yawa, don haka abin da ba a sa a intanet ba zai ɓace. Gaskiya ne ana sauyi. Sai dai duk wanda ya karanta tarihin wurin zai ga cewa mafi yawan sauyin daga waje aka kawo shi, kuma kusan kullum da sunan taimako. A shekarun 1930, John Collier, kwamishinan gwamnatin Amurka mai kula da 'yan asalin ƙasar, ya tilasta rage dabbobi don ceto ƙasa daga zaizaya, aka harbe dubban awaki da tumaki aka bar wasu suna ruɓewa, alhali yawancinsu dukiyar mata ce, kuma a wajen kiwo da daren garke yara suke koyon sunayen wurare. Makarantun kwana sun hukunta yara a kan magana da harshensu, a daidai watannin da ake ba da labari a gida. Haƙar yuraniyom daga 1944 zuwa 1986 ta bar ramuka fiye da 500 a ƙasarsu. Mutanen da suka ga wannan duka suna da dalilin tsayawa su tambayi baƙon da ya zo yana cewa zai ceto musu labaransu. Ba su kuma naɗe hannu suna jira ba. Sun kafa makarantar Rough Rock a 1966, da kwalejin da ake kira Diné College a yau a 1968, gidan rediyon KTNN yana watsa shirye-shirye da harshensu daga Window Rock, malamansu kuma suna koyar da labaran Ma'ii a aji idan hunturu ya shigo, su ajiye su idan ya wuce.

Ga wanda zai hau kujerata, sauran abubuwan gajeru ne. Sharuɗɗan iyalai su shiga cikin yarjejeniyar masu ba da tallafi tun kafin a karɓi kuɗi, domin bayan an karɓa babu mai sauraronka. Gwamnatin Navajo tana da hukumar tantance bincike da sashen adana tarihi, ka ajiye kwafin kowace takardar yarda a wurinsu, ka bar wa iyalin nasu kwafin. Duk maganar da kuka yi da shugaba a ofis, ka biyo ta da wasiƙa a ranar. Idan dattijo ya yi shiru bayan tambayarka, ka jira, bai gama ba.

A yanzu taskar tana buɗe labaran hunturu da hunturu, tana rufe su idan lokacin ya wuce, bisa jadawalin da ni da abokiyar aikina muka tsara tun kafin ƙaddamarwa aka ƙi karɓa. Na ji cewa shugaban yana gabatar da wannan tsari a tarurrukan masana a matsayin abin koyi da aikinsa ya samar. Sunayenmu biyu suna shafin ƙarshe na rahoton, a cikin jerin waɗanda aka gode wa.