Ƙofa biyu ce: yadda ake nema wa yaro gurbin sakandare a Kano

Yawancin iyaye a Kano ba sa tuna zancen sakandare sai an yi bikin yaye 'yan aji shida, wajen watan Yuli, sannan a shiga buge-bugen waya ana cigiyar wanda ya san wani a ma'aikatar ilimi. A lokacin kuwa an riga an yi jarabawar makarantun tarayya, makarantun kuɗi da dama sun gama tantance ɗalibansu, abin da ya rage sai wanda aka samu. Lokacin da ya kamata a zauna a yi shawara shi ne farkon aji shida, daga Satumba zuwa Disamba, tun ba a fara rajistar kowace jarabawa ba.

Sakandare shekara shida ce, amma a rabe take gida biyu: ƙaramar sakandare shekara uku, babba shekara uku. Tun dokar UBE ta 2004, firamare da ƙaramar sakandare a haɗe suke a matsayin ilimin tushe na shekara tara. Saboda haka ƙofar shiga biyu ce. Ta farko bayan aji shida na firamare, ta biyu bayan aji uku na ƙaramar sakandare, idan an rubuta BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandare. A Kano ƙofa ta biyun ta fi ta farko nauyi, domin a nan ake shiga makarantun kimiyya da na fasaha, a nan kuma ake raba yara zuwa ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci. Iyaye da yawa suna ƙarar da ƙarfinsu a ta farko, su yi barci a ta biyu.

Makarantun gwamnatin jiha su ne suka fi yawa, kuma su suke ɗauke da mafi yawan yaran gari. Akwai na jeka-ka-dawo a kusan kowace unguwa, akwai na kwana, maza daban mata daban. Cikinsu har da tsofaffi irin su Kwalejin Rumfa, wadda ta faro a 1927 da sunan Makarantar Midil ta Kano, da Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, da ta Shekara. Yaron da yake firamaren gwamnati hanyarsa a miƙe take: hedimasta ne yake tura sunayen 'yan aji shida, su rubuta jarabawar da sashen KERD na ma'aikatar ilimi yake shiryawa, a tura su makaranta, galibi wadda take kusa da gida. Inda ake samun tangarɗa shi ne yaron da ya yi firamaren kuɗi amma ana so ya koma ta gwamnati. Kada a ɗauka sunansa zai shiga da kansa. A je wurin shugaban makarantarsa tun zangon farko a tambaya ƙarara: kuna yi wa ɗalibanku rajistar jarabawar jiha, ko sai mun nema da kanmu?

Tun 2019 gwamnatin jiha ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole. Duk da haka yunifom da littattafan rubutu da takalmi da kuɗin mota suna wuyan uba. Kuɗin mota ne ma aka fi mantawa da shi a lissafi. Yaron da yake zaune a Rijiyar Zaki aka sa shi makaranta a Hotoro, a daidaita sahu biyu zai hau da safe, biyu da rana, kwana biyar a mako, shekara uku ko shida. Ba kuɗin kaɗai ba, zai riƙa isa aji bayan an gama darasin farko, kuma sau da yawa lissafi ko Turanci ake sawa a wannan lokacin. Makarantar da ba ta yi suna sosai ba amma yaro zai taka da ƙafa ya je, ta fi mai suna da ba ya isa kan lokaci.

Makarantun tarayya, waɗanda ake kira na haɗin kai, nasu tsarin daban. A jihar nan akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke kan titin Zariya, da ta 'yan mata a Minjibir. Hukumar NECO ce take shirya jarabawar shigarsu, sau ɗaya a shekara, ranar Asabar, kuma ta intanet ake rajista. Ana tambayar lissafi, da Turanci, da kimiyya, da darasin zaman ƙasa, sai kuma tambayoyin gwada kaifin basira na lamba da na kalmomi. Waɗannan na ƙarshen su suke kayar da yaran da ba su taɓa ganin irinsu ba, ko da kuwa suna da ƙoƙari a aji. Maganinsu tsofaffin takardun jarabawa, ana sayar da su a shagunan littattafai na Sabon Gari da sauran kasuwanni. A sa yaro ya riƙa yi da agogo a gabansa, ya kuma koyi cike gurbin amsa da fensir ba tare da ya tsallake layi ba. Wanda ya bar lamba ta 12 ya manta, ya sa amsar 13 a gurbinta, duk abin da ya biyo baya ya karkace.

Wajen ba da gurbi, ma'aikatar ilimi ta tarayya tana raba shi kashi uku: 60 cikin ɗari bisa cancanta, 30 bisa daidaito tsakanin jihohi, 10 kuma don wasu larurori. Shi ya sa jihar da aka rubuta wa yaro a fom take da muhimmanci, kuma dole ta yi daidai da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Kada a tura yaro shi kaɗai shagon intanet, kada kuma a bar wa mai shagon zaɓin makarantu. Uba ko uwa su zauna a gefe, a karanta suna da ranar haihuwa da makarantun da aka zaɓa harafi bayan harafi kafin a danna turawa, a buga katin mai hoto kofi biyu a adana.

Akwai kuma sharaɗin shekaru: yaro ya cika goma zuwa watan Satumba na shekarar da zai shiga. Al'adar nan ta cire yaro daga aji biyar, wani lokaci ma aji huɗu, a cilla shi sakandare don a ce ɗan wane yana da ƙwaƙwalwa, ba ta da riba. Yanzu JAMB shekara 16 take nema kafin a shiga jami'a. Wanda ya fara sakandare yana da tara zai gama yana da sha biyar, ya zauna a gida yana jiran shekara ta cika, ga shi an raba shi da darussan aji shida da ake ɗora lissafin ƙaramar sakandare a kansu.

Yanzu ƙofa ta biyu. Makarantun kimiyya na Kano sun faro ne a 1977 da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na jihar nan da Jigawa daga can suka fito. Daga baya aka ƙara wasu, irin su ta Maitama Sule a Gaya, da ta 'yan mata a Garko, da ta jeka-ka-dawo a cikin gari. Hukumarsu daban ce, Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha, kuma jarabawar shigarsu daban take da BECE. Cin BECE ba ya ba yaro gurbi a can. Sai an yanki fom ɗinsu, an zauna tasu jarabawar. Masu nema suna da yawa ƙwarai, gurbi kaɗan ne. Wanda yake da wannan buri ga ɗansa, tun aji biyu na ƙaramar sakandare zai fara duba littafin lissafinsa da na kimiyya. Darasin wata ɗaya kafin jarabawa ba ya cike ramin shekara biyu.

Amma fa ba kowane yaro ne na kimiyya ba, duk da kowane gida yana son likita. Yaron da lissafi yake ba shi wuya, aka yi hanya aka cusa shi ajin kimiyya, shi ne zai zo ƙarshen aji biyu na babbar sakandare ya faɗi kwalifayin, jarabawar da gwamnatin jiha take tace waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO da ita. Daga nan uba ya biya da aljihunsa, yaro ya fito babu kiredit a Kemistiri ko Fiziks, alhali da adabi ko kasuwanci ya yi da ya haɗa kiredit biyar ɗinsa har da Turanci da lissafi, waɗanda su jami'a take nema. A duba sakamakon shekara uku a jere, a kuma tambayi malamin lissafinsa gaskiyar magana.

Kwalejojin fasaha, irin na cikin Kano da Wudil da Bagauda, suna ƙarƙashin wannan hukumar. Ana koyar da aikin lantarki, da kanikanci, da gini, da kafinta, da walda, kuma jarabawar ƙarshensu ta NABTEB ce, wadda ake shiga kwalejin kimiyya da fasaha da ita. Mutane suna yi musu kallon wurin waɗanda suka rasa, alhali yaron da ya gama yana da takarda yana kuma da sana'a a hannu.

Makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani su ma suna da dogon tarihi a garin nan. Ɗaya daga cikinsu ta faro a 1934 a matsayin makarantar koyon shari'a, ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS, a 1947. Irin waɗannan makarantu jarabawar NBAIS, hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci ta ƙasa, suke rubutawa. Tambayar da za a yi kafin a sa yaro ita ce: ban da NBAIS, kuna yi wa ɗalibai rajistar NECO ko WAEC, kuma kuna koyar da darussan kimiyya? Idan burin shari'a ne ko Larabci ko addinin Musulunci, hanya a buɗe take. Idan kuwa ana hangen aikin jinya ko likitanci bayan hadda, sai an tabbatar akwai Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, da malamansu, ba a jikin allon talla kawai ba.

Makarantun kuɗi kuwa hawa-hawa ne, daga mai bene da motocin ɗaukar yara har wadda aka mayar da gidan haya mai ɗaki huɗu. Abu biyu za a nemi gani da ido: takardar amincewar hukumar da take kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha, da lambar cibiyar jarabawa ta WAEC ko NECO. Makarantar da ba ta da cibiya, sai ta kwashi 'yan ajin ƙarshe ta kai su wata makarantar su rubuta da sunan can, wani lokaci a ƙauyen da iyaye ba su taɓa ji ba. Idan aka riƙe sakamakon wannan cibiyar saboda satar amsa, har da ɗanku a ciki. A kuma nemi lissafin kuɗin shekara gaba ɗaya a rubuce, saboda kuɗin zango da ake faɗa a baki ba ya haɗa da fom, da yunifom kala biyu ko uku, da littattafai da dole a wurinsu za a saya, da darasin yamma, da kuɗin bikin yaye ɗalibai.

Kowace iri ce, a je a gan ta ranar karatu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ba ranar Asabar da aka share ko'ina ba. A leƙa aji a ƙirga kawuna, a ga ko a kan benci suke ko a ƙasa. A karɓi littafin wani ɗalibi a duba yaushe rabon da malami ya sa jan biro a ciki. A ce a buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Idan aka daɗe ana neman mai makulli, kun sami amsa. A duba ɗakin kwamfuta, tunda JAMB da kwamfuta ake yin ta. A duba banɗaki da ruwa, musamman idan 'ya mace ce, don rashin su yana sa yarinya ta riƙa fashin kwanaki duk wata ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba.

In makarantar kwana ce, a ƙara da ɗakin kwana, da katanga, da ɗakin shan magani, da wanda yake kwana kusa da yara cikin malamai. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe wasu makarantun kwana na wajen gari saboda matsalar tsaro, don haka tambayar masu gadi ba tsegumi ba ce. Shi ma yaron a auna shi: yana iya wanke kayansa, ya adana makullin akwatinsa, ya faɗa idan wani siniya ya takura masa? Mai fitsarin kwance, ko mai sikila ko asma, a sanar da makaranta a rubuce tun ranar farko. Idan aka ɓoye, yaron ake cuta.

Sai takardu, inda ƙaramin sakaci yake zama babban aiki. A tanadi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da shaidar ƙaramar hukuma, da shaidar kammala firamare, da hotuna fasfo kamar takwas, da lambar NIN, wadda JAMB ba ta rajista sai da ita. A zaɓi rubutun suna guda ɗaya a tsaya a kansa. Idan takardar haihuwa ta ce Muhammad, ta firamare ta ce Mohammed, NIN kuma ta zo da sunan kaka a madadin na uba, ba za a ga illar ba sai bayan shekara shida, a ranar tantancewa a jami'a, a koma zaryar kotu ana rantsuwa. Haka sunan gida irin su Abba, Ummi, Walida ko Khalifa: in ba shi ne na yanka ba, kada ya hau fom.

Idan dole ta sa a canza makaranta, a yi shi a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, ko a farkon aji ɗaya na babba. WAEC da NECO suna haɗa makin gwajin aji na shekarun babbar sakandare da na jarabawar ƙarshe, kuma makarantar da yaro yake ciki ce take tura shi. Wanda aka ɗauke a aji uku na babba sai an bi tsohuwar makarantarsa an karɓo takardar canji da makinsa na baya, kuma makarantar kuɗi ba ta sakin su sai an biya duk bashin da take bi.